Babi na Bakwai: Tsofaffin Babura da Hausar Masu Gyaransu

7.1 Gabatarwa

A babi na shida an yi bayanin ma'anar aro da dalilan da ke sa harshe ya ari kalma daga wani harshe. Misalan da aka kawo a can, irin su tebur da bokiti da alƙalami, su ne kusan kowane littafi ke maimaitawa, har ɗalibi ya haddace su ba tare da ya ga yadda aron yake aukuwa ba. A wannan babi za a bar aji, a je inda ake sarrafa kalmomin aro kullum safiya, wato rumfar mai gyaran babur. An zaɓi tsofaffin babura ne, irin su Vespa da Honda CD175 da Suzuki A100, domin kalmominsu sun daɗe a bakin Bahaushe har sun gama shan gyara, kuma domin wasu daga cikin kalmomin suna gab da ɓacewa tare da ƙarafan da suke ambata.

Fagen nazarin shi ne unguwar Gawon Nama a birnin Sakkwato, inda Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yake. Wuri ne mai yawan zirga-zirga. 'Yan kabu-kabu, wato waɗanda Kanawa ke kira 'yan acaɓa, ba sa rabuwa da shi, kuma duk inda babura suka taru, nan masu faci da masu gyara ke kafa rumfa. Ana sa ran a ƙarshen babin ɗalibi ya iya bayyana yadda kalmar sana'a ke shiga Hausa, ya kuma iya tattaro irin waɗannan kalmomi da kansa domin koyarwa.

7.2 Yadda baburan suka zo

Ita kanta kalmar babur abar dubawa ce. Wasu na ganin daga ƙarar injin aka samo ta. Sai dai a Larabcin Masar da na Sudan akwai kalmar babur ko wabur, wadda ake kiran jirgin ruwa mai tururi da injin ban ruwa da risho da ita, kuma asalinta kalmar tururi ce a harsunan kudancin Turai. A ganina wannan bayani na biyu ya fi ƙarfi, domin ya dace da daɗaɗɗiyar hulɗar Hausawa da waɗannan ƙasashe ta hanyar fatauci da aikin hajji. Kishiyarta, mashin, daga Ingilishi take kai tsaye.

Kamfanin Piaggio na ƙasar Italiya ya fitar da Vespa a 1946, kuma ma'anar sunan a harshensu ita ce zanzaro. Honda ta Japan ta fitar da ƙaramin babur ɗinta Super Cub a 1958, ta biyo da CD175 mai silinda biyu a 1967, sannan CG125 a 1975. Lokacin da waɗannan babura suka cika titunan Arewa shi ne tsakiyar shekarun 1970. Kwamitin Jerome Udoji ya miƙa wa gwamnatin Janar Yakubu Gowon rahotonsa a 1974, aka ƙara wa ma'aikata albashi, aka kuma biya su ariyas a dunƙule. Malaman firamare da akawuna da malaman asibiti da yawa a lokacin suka sauka daga keke suka hau babur. Kasuwar ta bunƙasa har aka riƙa harhaɗa baburan a cikin gida: kamfanin Boulos yana harhaɗa Suzuki a Legas, Honda kuma ta kafa kamfaninta na Nijeriya a 1979, da masana'anta a Ota ta jihar Ogun.

Daga 1986, da aka shiga shirin tsuke bakin aljihu na zamanin Janar Babangida, darajar naira ta faɗi, sabon babur ya gagari ƙaramin ma'aikaci. Wanda yake da tsoho sai ya riƙe shi da kyau. Wannan ne zamanin da gyara ya zama babbar sana'a, kuma a nan ne yawancin kalmomin da za mu duba suka zauna da gindinsu. Daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa cikin na 2000 baburan Sin irin su Jincheng suka shigo da araha, na Indiya irin su Bajaj suka biyo baya, tsofaffin suka koma zaure da bayan ɗaki.

7.3 Sai an san ƙarfen kafin a san kalmar

Ba a nazarin harshen sana'a daga nesa. Mai nazarin da bai san aikin kafireto ba, ba zai gane abin da ake nufi da "ya toshe" ko "yana ambaliya" ba. Saboda haka ga bayanin abin da ya zama dole.

Tsofaffin baburan sun kasu gida biyu ta fuskar inji. Akwai mai bugu huɗu, kamar CD175 da Super Cub, wanda baƙin mansa ke zaune a ƙasan injin, ana juye shi lokaci-lokaci. Akwai mai bugu biyu, kamar Vespa da Suzuki A100 da Yamaha YB100, wanda man da ke sa fistin ɗinsa santsi yake ƙonewa tare da fetur. Shi ya sa yake fitar da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi. A Suzuki da Yamaha akwai ɗan tanki na daban da famfo mai auna man. A tsohuwar Vespa kuwa mai ita ne ke haɗawa da hannunsa, kashi biyu cikin ɗari, wato mililita 20 na mai a kowace lita ta fetur. In ya rage, fistin ya yi zafi ya kama bango, a ce "inji ya buga". In ya zarce, fulogi ya yi baƙi ya daina ba da wuta. A gari irin Sakkwato, inda zafin watan Afrilu ke haura digiri 40, kuma iska kaɗai ke sanyaya waɗannan injuna, kuskuren awo ɗaya na iya jawo sauke inji.

Vespa ta sha bamban da sauran ta wasu fuskoki. Ba ta da sarƙa, injin yana manne da tayar baya ta ɓangaren dama, ana sauya giya da hannun hagu ta hanyar wayoyi biyu, kuma tana ɗauke da safayar taya. Don haka mai gyaran Vespa yakan zama daban, da kalmominsa daban. Sau da yawa mai gyaran Honda ba ya taɓa ta.

Abu na ƙarshe shi ne wuta. Tsohon babur yana da wasu 'yan ƙarafa biyu masu haɗuwa suna rabuwa yayin da injin ke juyawa, su ake kira kwantak. Duk lokacin da suka rabu sai wutar da ke bi ta kwayil ta yanke, kwayil ya harba wuta mai ƙarfi zuwa fulogi. Kusa da su akwai kwandansa, wadda aikinta hana bakin kwantak ƙonewa. A CD175 tazarar bakin kwantak ba ta wuce milimita 0.3 zuwa 0.4. Baburan yanzu ba su da wannan duka, wani ɗan akwatin lantarki mai suna CDI ya maye gurbinsa, in ya lalace sai a jefar a sa sabo.

A nan zan ɗan kauce. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, malamin firamare ne, kuma da kuɗin Udoji ya sayi CD175 ɗin da na gada. Shekarun baya na sayi kwandansa a wani shago, cikin kwali mai kyan gani, aka ɗaura. Mako biyu bayan nan babur ɗin ya mutu mini da tsakar rana kusa da shataletalen Gawon Nama. Na tura shi zuwa rumfa mafi kusa. Yaron da ya tarbe ni, wanda ba zai wuce shekara ashirin ba, ya sauya fulogi, ya wanke kafireto, ya yi ta buga kik har ya jiƙe da zufa. Da na ce masa ya duba kwantak, sai ya tsaya yana kallona. Bai taɓa jin kalmar ba. Maigidansa, wani dattijo, shi ya taso daga kan benci ya kwance murfin, ya duba, ya ce: "Malam, ina kas sawo kwandansag ga? Jabu ta. Ita ta ƙone ma kwantak." Na ce, "Baba, ai cikin kwalinta na saye ta." Ya yi dariya, ya goge bakin kwantak da samfefa, ya ɗauko wata tsohuwar kwandansa daga cikin gwangwanin madara, ya auna tazarar da ɓallin kwali. Bugu ɗaya babur ya tashi. Abin da ya tsaya mini a rai a ranar shi ne, a rumfa ɗaya, tsakanin maigida da yaronsa, kalma ta riga ta mutu.

7.4 Gyaran da kalma ke sha

Dubi waɗannan misalai. Na hagu shi ne asalin kalmar a Ingilishi, na dama kuma yadda kanikawa ke furta ta:

plug > fulogi
brake > birki
clutch > kuloci
spanner > sifana
throttle > totur
valve > bawul
patch > faci
silencer > salansa
crankshaft > karanshaf
shock absorber > shokazoba

Abu na farko da za a lura da shi, gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙaƙe biyu a jere. Inda Ingilishi ke da pl ko br ko sp a farkon kalma, Hausa takan cusa wasali a tsakani, sai a sami fu-lo, bir, si-fa. Wasalin da ake cusawa ba da ka ake zaɓarsa ba. Yawanci i ne ko u, kuma sautukan da ke maƙwabtaka da shi ne ke jan sa. Na biyu, Hausa ta fi son kalma ta ƙare da wasali, shi ya kawo i a ƙarshen fulogi da birki da faci. Amma wannan ba doka ce marar togiya ba, ga totur da bawul da karanshaf sun tsaya a kan baƙi. Na uku, sautin da babu shi a Hausa ana musanya shi da mafi kusa: p ta koma f, v ta koma b. Vespa ta haɗa duka biyun, shi ya sa ake jin Besfa ko Basfa. A shokazoba kuwa kalmomi biyu ne suka narke suka zama ɗaya, har mai furta ta bai san akwai iyaka a tsakiyarta ba.

Misalin da ya fi kowanne daɗin koyarwa shi ne sunan mai sana'ar. An aro mechanic ta zama makanike ko makaniki. Da kunnen Bahaushe ya ji ta, sai ya kama ta da tsarin Bakatsine da Basakkwace da baduku, ya mayar da ita bakanike. Da yake ba- ɗafi ne da ke faɗuwa a jam'i, kamar yadda baduku ke zama dukawa, sai aka sami kanikawa, aka kuma ƙirƙiri kanikanci. Wato Hausa ta yanke wa kalmar gaɓar farko, wadda a Ingilishi jikin kalmar ce, ta ɗauki ragowar a matsayin saiwa. Malamin da ya kawo wannan misali ɗaya ya koyar da aro da ɗafi da jam'i a zama guda.

Jinsi ma bai tsira ba. Babur namiji ne, mashin namiji ne, amma Vespa da Honda da Yamaha, idan aka ambace su su kaɗai, sukan zama mata saboda sun ƙare da a: "Hondar Malam ta tsufa." Haka taya da salansa da sifana da kwandansa. A jam'i kuma kowace ta bi wani sahu na asali: babura, tayoyi, injuna, sifanoni. A kula, taya ta babur da taya ta taimako rubutunsu ɗaya, amma wasalin farko na tayar babur dogo ne. Wannan misali ne mai amfani ranar da za a koyar da tsawon wasali.

Sai karin harshe. A daidaitacciyar Hausa ana cewa fetur, fulogi, fitila, faci. A bakin dattijon Gawon Nama kuwa hetur ne, hulogi, hitila, hwaci, domin Sakkwatanci na da h ko hw a inda Kananci ke da f. Madanganci na mace kuma yakan rikiɗe ya zama baƙin da ke biye da shi: tayag gaba, tayab baya, a maimakon tayar gaba da tayar baya. Wannan na nuna cewa kalmar ta shiga har cikin ɗaki, tunda dokokin karin wurin sun hau kanta kamar kowace kalma ta gado. Wanda ya bi hanyar Illela ya tsallaka zuwa Birnin Ƙonni zai tarar da wani abu kuma. Hausa ce dai, ƙarfen ma shi ne, amma a can moto ake cewa, fetur ya zama esansi, fulogi ya zama buji, domin daga Faransanci suka ara.

Ba duka kalmomin rumfa ne na aro ba, kuma wannan ɓangare ne da littattafai suka cika yin watsi da shi. Sunayen ƙarafa na aro ne, amma aikatau kusan duk na gida ne. Babur yana tashi, yana mutuwa, yana tari, yana shan mai, yana cin taya, yana ɗaukar zafi. Ana ba shi wuta. Bakanike ya ɗauki injin tamkar dabba mai rai, ya faɗaɗa ma'anar kalmomin da ya gada daga kiwo da jinya ya ɗora masa.

7.5 Neman kayan gyara da kalmominsa

Mai tsohon babur ba ya fargabar gyara kamar yadda yake fargabar neman kaya. Honda ta daina yin CD175 tun ƙarshen shekarun 1970. Vespa PX, wadda ta fito a 1977, an rufe yin ta a 2017, kuma a shekarar ne kamfanin LML na Indiya, mai yin irinta, ya durƙushe. Hanyoyin da suka rage wa mai nema ba su da yawa.

Yana iya yin sa'ar tsohon ajiya a shagon da ya daɗe, kayan da suka kwana shekaru a kan kanta. Yawancin sababbin kayan babur da ake sayarwa a Arewa ta hannun 'yan kasuwar Nnewi ta jihar Anambra suke biyowa, garin da ya yi suna a wannan fatauci tun bayan yaƙin basasa, kuma tsofaffin abokan cinikinsu sun san wanda za a tambaya. Yana iya kuma neman na dangi. Jincheng AX100 da lasisin Suzuki aka yi shi, don haka kayansa da yawa na hawa Suzuki AX100. Injunan Sin masu yawa an kwaikwaye su ne daga CG125 da Super Cub. Bajaj Chetak da LML kuma jinin Vespa ne, wasu wayoyinsu da kayan kulocinsu na shiga. Sanin wane ne ke hawa wane shi ne babban jarin tsohon bakanike, kuma ba a rubuce yake ba.

Idan wannan ya faskara sai a koma ga yanka. Ana sayen mataccen babur daga gidan da aka yi rabon gado ko daga 'yan gwangwan, a kwance shi, a sayar da sassansa ɗaya-ɗaya. A lura da kalmar: yanka, kamar a mahauta. Masu nema kan kai har kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, ko Fanteka a Kaduna, inda in an rasa ƙarfe ake iya ƙera shi. Silindar da ta cinye kuwa ba a jefar da ita. Ana kai ta wurin mai injin gurza ya faɗaɗa ramin, a sa fistin mai ɗan girma. A baburan Honda matakan huɗu ne, ƙarin milimita 0.25, da 0.50, da 0.75, da 1.00. Mai sayen tsohon babur da ya san abin da yake yi, kafin ya dubi fenti, yakan tambayi mataki na nawa aka kai, domin wanda ya kai na ƙarshe ya kusa cinye rabonsa.

Wannan kasuwa ta haifar da rukunin kalmomi masu auna daraja. Orijina shi ne na kamfanin asali. Na-hannu shi ne wanda aka yi amfani da shi. Ɗan Kwatano da Beljiyam da tokumbo duk suna nufin tsohon kaya daga waje, amma kowace ta biyo hanyarta: ta farko sunan tashar jiragen ruwan Jamhuriyar Benin ce, ta biyu sunan ƙasar Turai da ake lodin kayan, ta uku kuma daga Yarbanci take. A shekarun 1980 in an ce kaya Taiwan ne, ana nufin kwaikwayo ne. Daga baya ɗan Cana ya karɓi wannan matsayi, har ya zamana a yau wasu kanikawa na yaba kayan Taiwan. Ma'anar kalma ta tashi daga suka ta koma yabo cikin shekarun rayuwar mutum ɗaya. A ƙasan duka akwai jabu. Abin lura, a wannan sana'a na-hannu na asali ya fi sabo na kwaikwayo daraja, kamar yadda kwandansar gwangwanin madara ta nuna mini.

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023, masu bugu biyu sun ƙara shiga matsi, domin sun fi shan mai, ga kuma kuɗin man haɗi. Duk Vespar da aka jingine, mai gyaranta ya rasa ciniki, yaransa kuma sun rasa damar jin sunayen sassanta.

7.6 Aikin yi

Ɗalibai su kasu rukuni-rukuni, kada rukuni ya wuce mutum huɗu. Kowane rukuni ya nemi rumfar da ke da bakanike wanda ya haura shekara hamsin da biyar. A je da safe kafin aiki ya kankama, ko bayan la'asar. A gaisa yadda ya kamata, a bayyana abin da ya kawo ku, a nemi izini kafin a kunna rikoda. Kada a tambaye shi da sunan Ingilishi, domin zai maimaita muku abin da kuka faɗa ne, a nuna ƙarfen da yatsa a ce, "Baba, me ake ce wa wannan?" A rubuta amsar yadda ya furta ta, ko da ta saɓa wa daidaitacciyar Hausa. Bayan haka:

1. A tattaro kalmomi talatin, a ware na aro da na gida, a nuna harshen da kowace ta aro ta fito.
2. A zaɓi goma a bayyana sauye-sauyen sauti da suka auku a cikinsu, da jinsinsu da jam'insu.
3. A karanta wa ƙaramin yaron rumfar jerin kalmomin a keɓe, a yi alama a kan waɗanda bai sani ba.
4. A tsara darasin minti arba'in na aji biyu na ƙaramar sakandare a kan ɗafin ba- da -awa, a yi amfani da bakanike a matsayin misalin buɗe darasi.